Haɗa kwamfutar gem a zamanin tsadar ram: ina ya kamata kuɗin ya tafi?

Me ya sami ram? Wannan ce tambayar da ta fi yawo tsakanin matasa masu buga gem a kwamfuta tun watannin ƙarshe na 2025. A da, ram, wato ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita, shi ne abin da ake saya daga baya, da canjin da ya rage bayan an gama da manyan kaya. Sai ga shi cikin 'yan watanni kuɗinsa ya ninka sau biyu, wani wurin sau uku, har wanda ya shekara yana tari ya je kasuwa ya tarar lissafinsa ya rushe. Nan muhawara ta kaure. Wasu na cewa a jingine maganar haɗa kwamfuta sai ƙura ta lafa, wasu na cewa a koma tsohon yayi, wasu kuma na cewa a rufe ido a saya tun bai ƙara tashi ba.

Amma akwai tambayar da ta girmi wannan, kuma ta fi ta cinye wa mutanenmu kuɗi. Mutum zai shiga shago, abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne, “Core i7 ce?” In aka ce e, sai ya ƙara da, “Girafik ɗin giga nawa ne?” Da ya ji huɗu ko takwas, shi ke nan, sai ciniki. Waɗannan tambayoyi biyu kusan ba abin da suke gaya wa mai saye game da ƙarfin na'urar da ke gabansa. Wanda bai gane dalilin haka ba, ko kyauta ake raba ram zai haɗo abin da ba zai yi masa aiki ba.

Abin da ya tayar da kuɗin ram

Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukan kasuwar ƙwayoyin ram na duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron na Amurka. Sauran sunayen da ake gani a jikin kwali, irin su Kingston da Corsair, sayen ƙwayar suke yi su jera ta a kan allonsu. Da gasar ƙirƙirarriyar basira ta yi zafi, manyan cibiyoyin bayanai suka shiga wawason wani nau'in ram da ake kira HBM, wanda ake ɗora ƙwayoyinsa hawa-hawa kamar bene. Shi wannan ya fi riba nesa ba kusa ba, kuma Micron da kansa ya ce samar da shi na cin kusan ninki uku na kayan da ake yin ram na gama-gari da su. Masana'anta kuwa ba a gina ta a wata shida, shekaru take ɗauka. Saboda haka duk layin da aka juya wa HBM, daga bakin mai kwamfutar gida aka ƙwace shi.

A watan Disamba na 2025 Micron ya sanar cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kaya da sunan Crucial, sunan da duk mai gyaran kwamfuta ya sani. Tsohon nau'in ram na DDR4 ma bai tsira ba, domin kamfanonin sun riga sun fara rage yin sa. Su ma SSD da katin girafik abin ya shafe su, tunda dukansu da ƙwayoyin ajiya ake yin su.

Mu a Najeriya abin ya zame mana goma da ashirin. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma babu ko ƙusa ɗaya a cikin kwamfuta da ake ƙerawa a gida. Mai shago a Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, da dala ya sayo, da dala zai sake sarowa. Ko tsohon kaya ne a kantarsa, farashin gobe yake kallo.

Su wane ne kayan, kuma mene ne aikin kowa?

A ɗauki teburin mai shayi. Mai shayin shi ne furosesa: shi ke karɓar oda, ya san wa ya fara zuwa, ya lissafa kuɗi. Teburin da ya baje burodi da madara da ƙwai a kai shi ne ram, wato wurin ajiye abin da hannu zai kai gare shi yanzu-yanzu. Akwatin da ke ƙarƙashin tebur, inda katan-katan suke kwana, shi ne SSD ko hadis (hard disk), wato ma'ajiyar dindindin. In tebur ya yi ƙanƙanta, mai shayi zai yi ta sunkuyawa yana ciro kaya, layi ya tsaya. In kuwa teburin ya riga ya ɗauke kayan duka, ko ka ƙara masa wani tebur ɗin, shayi ba zai yi saurin dahuwa ba. Wannan ita ce maganar ram gaba ɗaya.

Katin girafik shi ne mai zana duk abin da ido ke gani a allo, ciyawar fili, inuwar ɗan wasa, hayaƙin mota, kuma sai ya sake zana su sau sittin ko fiye a kowace daƙiƙa. Madabod, wanda masu gyara ke ce wa bod kawai, shi ne farantin da kowa ke zaune a kai. Fawa-fak shi ke karɓar wutar bango ya sauya ta zuwa irin wadda kayan ke ci. Sai akwatin da aka zuba su ciki da fankokinsa.

A fara daga allo, ba daga kwali ba

Kafin a ambaci sunan kowane kaya, tambaya biyu ya kamata mutum ya yi wa kansa: wane gem zan buga, kuma a kan wane allo?

Hoton allo ɗigo-ɗigo ne. Allon da ake kira 1080p na da ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Na 1440p na da kusan miliyan 3.7. Na 4K ya haura miliyan takwas, wato ninki huɗu na na farko. Kowane ɗigo aiki ne a kan katin girafik. Sannan akwai yawan hotunan da allon ke iya nunawa a daƙiƙa: talabijin da tsofaffin monita na ofis 60 suke nunawa, na gem kan kai 144 ko fiye. Wanda ya sayi katin da ke fitar da hoto 200 a daƙiƙa ya jona shi da monita mai 60, ya sayi ingarma ne ya ɗaure shi a turke.

Ƙididdigar da dandalin Steam ke fitarwa duk wata ta jima tana nuna cewa fiye da rabin masu buga gem a kwamfuta a kan 1080p suke. Ba abin kunya ba ne. Gem ɗin ƙwallon da samarinmu suka fi kwana a kai ma ba shi da cin rai: katin da kamfanin EA ya ba da shawarar a yi amfani da shi a FC 25 shi ne GTX 1660, na shekarar 2019. Wanda ƙwallo da GTA V ne abin wasansa, ba shi da haɗi da katin dala dubu.

Katin girafik: inda kuɗin ya fi dacewa, inda kuma aka fi cutar mutane

A kwamfutar gem, kati shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka, kamar sulusi zuwa rabin kuɗin gaba ɗaya. A nan ne kuma tarkon “giga nawa” yake.

Bara waccan wani ɗan yayata ya kira ni da murna. “Kawu, wallahi na yi tsintuwa. Core i7, girafik giga huɗu, ga wuta kala-kala a ciki.” Na ce ya kawo mu gani. Akwati ne mai gefen gilashi, fankoki uku a gaba suna ta canza launi, shuɗi zuwa ja zuwa kore, abin dai gwanin sha'awa. Muka kunna ƙwallo. 'Yan wasan suka riƙa motsi kamar masu tafiya cikin taɓo, a buga ƙwallo sai ka gan ta a raga ba ka ga tafiyarta ba. Da na duba, furosesar i7-3770 ce ta 2012, an ciro ta ne tare da bod ɗinta daga tsohuwar kwamfutar ofis. Katin kuwa GT 730 ne, wanda ko a 2014 da ya fito ba don gem aka yi shi ba. Mai shagon bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. I7 ce, giga huɗu ne. Yaron ya yi shiru, can ya ce, “To Kawu, fitilun nan fa?” Na ce su kaɗai ne sababbi.

Gigan da ke jikin kati wurin ajiya ne, teburin katin ke nan. Ƙarfin yana cikin ƙwayar da ke zanen. Shi ya sa RTX 4060 mai giga 8 ya fi RTX 3060 mai giga 12 gudu a yawancin wasanni, kuma dukansu sun yi wa GT 730 fintinkau. A sunayen katunan kamfanin Nvidia, mai yin RTX da GTX da GT, lambobin farko zamani ne, biyun ƙarshe daraja: 50 da 60 na masu ƙaramin ƙarfi, 70 tsaka-tsaki, 80 da 90 na masu abin hannu. Duk abin da ya ƙare da 10 ko 30 na nuna hoto ne kawai.

To amma giga ɗin ma ba a banza yake ba, kuma nan ne masana suka rabu a 2025. Nvidia ya fitar da RTX 5060 mai giga 8 a kan dala 299, da 5060 Ti iri biyu, mai 8 a dala 379 da mai 16 a dala 429. AMD ma ya yi haka da RX 9060 XT, mai 8 a dala 299, mai 16 a dala 349. Masu gwajin kaya da yawa suka yi ca, suka ce giga 8 ya yi kaɗan ga sabon kati, domin manyan wasannin yanzu kan cika shi, hoto ya fara sarƙewa ko bango ya koma dishi-dishi. Kamfanonin suka kare kansu da cewa yawancin mutane a 1080p suke wasa, kuma wasannin gasa ba sa cin haka. Kowa da gaskiyarsa. Ni dai ra'ayina, mu da ba ma canza kati duk shekara biyu, wanda zai sayi sabo ya riƙe shi shekara biyar, ƙarin dala hamsin ɗin nan ya fi komai a lissafinsa daraja. Intel ma ya shigo da Arc B580 mai giga 12 a dala 249 a ƙarshen 2024, sai dai yana son bod da furosesa na zamani kafin ya saki jiki. Waɗannan duk farashin da aka sanar ne ranar fitowa. Kafin kaya ya iso hannunmu, an ɗora kuɗin jirgi da kwastan da riba.

Wani abin lura shi ne tallar kamfanoni. A bikin baje kolin fasaha na Las Vegas a Janairun 2025, shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya ce RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090. Da kaya ya shiga hannun masu gwaji, sai aka ga maganar ta dogara ne da wata dabara: katin ya zana hoto ɗaya na gaske, sannan ya ƙirƙiro har uku ya cusa a tsakani. Motsi kan yi santsi a ido, amma saurin amsa hannu bai ƙaru ba. Dabarun ɗaga hoto irin su DLSS na Nvidia da FSR na AMD suna da amfani ƙwarai, musamman ga mai ƙaramin kati. Kawai dai kada a ɗauki lambar talla a matsayin awo.

Sai maganar na hannu, wanda gaskiya nan akasarinmu za mu ƙare. A 2021 masu haƙar kirifto sun kwashe katunan duniya har farashi ya ninka. A watan Satumba na 2022 kuɗin kirifto na Ethereum ya sauya tsari, haƙarsa da kati ta daina, sai aka juye dubban katuna a kasuwar gwanjo. RX 580 da ya cika shaguna, da yawansa daga can ya fito. Ba duka ne matattu ba, wasu ma an kula da su fiye da na 'yan gem. Amma fanka da ta shekara uku tana juyi dare da rana ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaya da ƙarfen sanyaya ya bushe. Akwai kuma na jabu tsantsa: tsohon kati irin GTS 450 da aka sauya wa suna a cikinsa, kwamfuta ta riƙa nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti.

“Core i7 ce” ba amsa ba ce

I3 da i5 da i7 sunayen furosesoshin Intel ne, matsayi ne a cikin gida ɗaya, kamar a ce wa da ƙane. Ba su faɗin shekarar haihuwa. Zamanin yana cikin lambar da ke biye: 3770 zuriya ta uku, 8700 ta takwas, 12100 ta sha biyu. I3-12100F ta 2022 na da ƙwaƙwalwa huɗu, wato sassan da ke aiki a lokaci guda, kamar i7-3770, amma ta bar ta a baya da nisa, domin shekara goma ce tsakaninsu. Harafin ƙarshe ma magana ne. F na nufin ba ta da girafik na cikin gida, dole sai da kati. K na nufin ana iya ƙure mata gudu, abin da yawancin mutane ba za su taɓa yi ba.

Tsufa yanzu ya zo da wata matsalar. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance ba ya karɓar abin da ya gaza zuriya ta takwas a Intel, ko Ryzen 2000 a AMD, sannan yana neman guntun tsaro na TPM 2.0. Wasu sababbin wasanni irin Battlefield 6 sun fara ƙin tashi in ba a kunna irin waɗannan matakan tsaro ba, don maganin masu maguɗi.

Furosesa da bod aure ne, sai soket, wato mazaunin furosesa a kan bod, ya dace. AMD na da soket AM4, wanda furosesoshinsa na Ryzen suka hau tun 2017, yana aiki da DDR4. Sai AM5 na 2022, wanda sabon nau'in ram na DDR5 kaɗai yake ci. Intel na da LGA1700 na zuriya ta 12 zuwa 14, inda bod ɗin ne ke yanke hukunci, wani na DDR4 wani na DDR5, sai LGA1851 na ƙarshen 2024, shi ma DDR5 zalla. Ram ɗin ba ya shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba.

A fagen gem zalla, furosesoshin AMD masu X3D a ƙarshen suna, tun daga 5800X3D na 2022 har 9800X3D na Nuwamban 2024, su ke kan gaba, saboda wata ƙarin ma'ajiya da aka ɗora a kan ƙwayar. Amma ba kowa ke buƙatarsu ba. Mai ƙwaƙwalwa shida irin Ryzen 5 5600 ko 7600, ko i5-12400F, ta ishi duk wani kati na tsaka-tsaki. Wanda kuma zai sayi i7 ko i9 na zuriya ta 13 da 14 na hannu ya yi hattara: a 2024 Intel ya amsa cewa wasunsu na lalacewa saboda yawan wutar da suke ja, ya fitar da gyara ta manhajar bod, ya ƙara garanti da shekara biyu. Gyaran na hana lalacewa ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, kuma garantin Turai ba ya bin kaya zuwa Sabon Gari.

Bod ba ya ƙara gudu. A duba soket, a duba ramin ram huɗu ne ko biyu, a duba wurin SSD, a wuce.

To, DDR4 ko DDR5?

Masu cewa a sayi sabon yayi hujjarsu ita ce gobe. AMD ya yi alkawarin ci gaba da AM5 har 2027 ko fiye, don haka wanda ya hau shi zai iya canza furosesa nan gaba ba tare da ya taɓa bod ba. AM4 kuwa hanya ce da ta zo ƙarshe. Masu cewa a tsaya a tsohon yayi kuma suna duba aljihu ne: DDR4 na hannu ya fi samuwa tunda tsofaffin kwamfutoci cike suke da shi, bod ɗinsa ya fi araha, kuma abin da aka rage a nan in aka zuba shi a kati, bambancin a ido ake ganinsa.

Ina tare da na biyun, in dai kuɗin a ƙirge suke. Ryzen 5 5600 da giga 16 na DDR4 da kati mai kyau za su fi sabuwar furosesa da giga 32 na DDR5 da kati mai rauni daɗin wasa, ba ma kusa ba. Giga 16 har yanzu na ɗaukar kusan kowane gem. Giga 32 jin daɗi ne, ko buƙatar mai haɗa bidiyo. Giga 8 kuwa ya zama takura.

Abu biyu ne kyauta a nan, kuma su aka fi mantawa. Na farko, sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin furosesa na ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. A bod mai rami huɗu, yawanci na biyu da na huɗu ake sa su. Na biyu, ram ba ya gudu da saurin da aka rubuta a kwalinsa sai an shiga saitin bod an kunna XMP, ko EXPO a wajen AMD. Mutane da yawa sun biya kuɗin sauri suna tafiya a giya ɗaya.

Ma'ajiya

Hadis mai faifai ya zama na ajiye fina-finai da hotuna. Windows da gem a kan SSD ya kamata su zauna. Na SATA kan kai wajen mega 550 a daƙiƙa, na NVMe mai kama da cingam kan kai dubbai, amma a loda gem tazararsu ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba. Girma ya fi muhimmanci, tunda manyan wasanni kan ci giga 100 kowanne. Mai 256 da gem biyu ya cika. Ga wanda ke sayen data da kuɗinsa, goge gem don a sami wuri sannan a sake sauke shi asara ce mai zafi.

Wutar Nefa, zafi da ƙura: abin da masu bidiyon waje ba sa faɗa

Yawancin shawarwarin da ke YouTube daga ɗakuna masu sanyi da tsayayyar wuta suke fitowa. Mu namu daban ne, kuma a nan ne na fi ganin an yi tsumulmular da ta zama da-na-sani.

Fawa-fak ba ya ƙara hoto ko ɗaya a daƙiƙa, shi ya sa ake raina shi. Amma shi kaɗai ne in ya mutu yake iya tafiya da 'yan uwansa. Irin marasa nauyin nan da ake bayarwa gyara tare da akwati, an rubuta wat 650 a jikinsu, ka ɗaga ka ji kamar gwangwanin madara, ba sa ba da abin da aka rubuta, kuma da yawansu ba su da kariyar da ke yanke wuta in ta yi yawa. Tambarin 80 Plus, da Bronze ko Gold ɗinsa, awon rashin ɓarnar wuta ne, cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na abin da ya ja daga bango na isa ga kaya. Alama ce mai kyau, amma ba shedar inganci ba ce ita kaɗai. A nemi sanannen suna mai garanti. Kwamfutar tsaka-tsaki wat 550 zuwa 650 na gaske ya ishe ta. Manyan katuna kuwa wata duniya ce: RTX 5090 shi kaɗai wat 575 yake ci, kuma tun zamanin 4090 a 2022 ake samun sabon fulogin katunan nan yana narkewa, musamman in bai shiga ya zauna daram ba.

Tsofaffin fawa-fak da aka kwaso daga Amurka wasu na da ɗan jan makunni a baya, gefe ɗaya 115 ɗaya 230. Wutarmu 230 ce. In aka jona yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji sai warin ƙuna. Haka nan masu sayen tsohuwar Dell ko HP ta ofis da niyyar cusa mata kati, su sani da yawansu fulogin wutarsu na gidansu ne kawai, ba ya karɓar na kasuwa, siraran kuma babban kati ba ya ma shiga.

UPS kusan wajibi ne, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu a SSD na iya lalata Windows. Sai dai lambar VA ba wat ba ce: mai 650VA abin da yake ɗauka bai fi wat 360 zuwa 390 ba, kwamfutar gem tana cikin wasa za ta iya durƙusar da shi. Mai sola ko inbata kuma ya tabbatar irin mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda ake ce wa fiyo-sain. Fawa-fak na zamani kan yi ƙugi ko ya mutu da kansa a kan mai arahar. Ƙaramin janareto ma sai da sitabilaiza.

Sai kuɗin wutar kanta. A Afrilun 2024 aka kai wa 'yan rukunin Band A naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Kwamfutar da ke jan wat 400, awa biyar kullum, yunit 60 ke nan a wata, sama da naira dubu 12 a wancan farashin. Mai jan rabin haka rabin kuɗin za ta ci, kuma rabin batir. Shi ya sa kati irin RTX 4060 mai cin wat 115 ya fi wani tsohon ƙato mai cin 250 dacewa da gidan da ke kan sola, ko da ƙaton ya fi araha a ranar saye. Masu gidajen gem da ke tunanin sauya PlayStation da kwamfutoci, wannan lissafin za su ninka da yawan kujerunsu.

Zafi kuwa, furosesa in ta doshi digiri 95 zuwa 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wanda ɗakinsa ke 22 yana da sarari. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, iskar da fankarsa ke shaƙa ta riga ta haura 40 a waje. Akwati mai gaban raga ya fi mai gaban gilashi, komai kyan gilashin. Mai sanyaya na ruwa ba dole ba ne, na iska mai tsayi ya wadatar, kuma ba shi da famfon da zai mutu. Na taɓa buɗe wata kwamfuta bayan hunturu, na tarar ƙura ta yi wa ƙarfen sanyaya bargo, har ana ɓamɓaro ta da yatsa kamar ƙanzo. Mai ita yana shirin sayen sabon kati ne, wai nasa ya tsufa. Bulowa da burushin fenti suka gama aikin. A ɗaga akwati daga ƙasa, a riƙa wanke ragar tace ƙura duk bayan 'yan makonni in iska ta taso.

Abin da kaya ba sa gyarawa, da abin da za a yi kafin a miƙa kuɗi

Mai wasa ta intanet ya sani cewa jinkirin da yake gani, ya harba a makare ko ya ba da fasin a makare, sau da yawa ba laifin kwamfuta ba ne. Sabobin manyan wasanni da yawa, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, a Turai ko Afirka ta Kudu suke, kuma ba katin da ke rage nisan Kano da Frankfurt. Wanda kuma ƙwallo kaɗai yake so, ba ya gyaran bidiyo, ba ya zane, ba ya koyon rubuta manhaja, PlayStation na hannu zai fi masa sauƙi da kwanciyar hankali. Kwamfuta na cin kuɗinta ne in da rana za ta yi aiki da dare ta yi wasa. A wannan yanayi na tsadar ram ma, wani lokacin haɗaɗɗiya da aka shigo da ita tun kafin tashin farashi kan fi wadda za a haɗa ɗaya-ɗaya araha, in dai mai shago zai yarda a buɗe ta.

Shafin PCPartPicker kyauta ne, a jera kayan a ciki zai nuna wanda bai dace da wani ba da kuma wutar da za su ci. Ranar zuwa kasuwa a tafi da filashi ɗauke da 'yan manhajoji huɗu, duk kyauta. CPU-Z zai faɗi ainihin furosesa da ram. GPU-Z zai faɗi ainihin kati, har yakan rubuta cewa na jabu ne in ya gane. CrystalDiskInfo zai nuna awa nawa SSD ko hadis ya yi yana aiki, da lafiyar da ta rage masa. FurMark kuma zai matse katin, a bar shi minti goma sha biyar ana kallon zafi, ana sauraron fanka, ana duba ko ɗigo-ɗigo masu launi za su ɓullo a allo. A rubuta lambar jikin kowane kaya a rasit, a yi maganar kwanakin gwaji a gaban shaida. Mai shagon da ya ce, “Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?” a ce masa an yarda, amma a kunna.

In an kai gida an haɗa, hoto ya fito amma wasa na ja da ƙyar, kafin a koma shago da faɗa a leƙa bayan akwatin. Ramukan HDMI biyu ne, ɗaya a sama a jikin bod, ɗaya a ƙasa a jikin kati. Wayar monita a na ƙasan take shiga. Sannan a shiga saitin allo na Windows a duba, domin monita mai 144 sau da yawa a kan 60 yake tashi, sai an canza shi da hannu.